Ki Je a Ƙarasa Miki Haƙorin Nan, Ummi

Gada Biyu, Jos
Ranar Litinin

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin fara sabawa da ruwan Kalaba da zafinta da irin abincinsu. Allah ya tsare min ke a garin da ba ki da uwa ba ki da uba, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kawar da idon mugu daga kanki, ya sa ki gama bautar ƙasar nan lafiya. Mu nan lafiya lau muke, sai sanyin damina da kika sani. Babanku yana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Ba labari na zauna ba ki ba, labarin unguwa kya ji a bakin ƙannenki. Maganar da kika faɗa min a waya ranar Juma'a ce ta hana ni sukuni. Kika ce, "Yaya, ai haƙorin ya daina ciwo. Makarantar da aka tura ni koyarwa ba za su sake ni yanzu ba, zan bar shi sai na zo hutun ƙarshen shekara a ƙarasa." Ni kuwa ina tsaye a ƙarƙashin lemar mai wayar bakin titi, mutum uku a bayana suna jiran layi, 'yan acaɓa sai hon suke yi, na buɗe baki na ce, "To, Allah ya kai mu." Wannan "to" ɗin ba ta kai zuci ba. Kin san ni da waya, da na kara ta a kunne sai magana ta gudu ta bar ni. Shi ya sa yau na rufe keken ɗinki, na ce wa masu kaya su dawo gobe, na ɗauko biro.

Ƙarshen shekara, Ummi? Wata huɗu fa ke nan! Da toshiyar wucin gadi a haƙorin gaba, wanda duk wanda kika yi wa sallama shi zai fara gani? Zama biyu kika yi wa likita kafin ki tafi, saura ɗaya tak, shi ne za ki jingine har wata huɗu? Haba, ke da kika yi jami'a. Idan kika yi wasa haƙorin nan zai tafi, kuma ba ya dawowa. Ba a littafi na karanta ba. Ni uwarki, da kike ce wa Yaya har yau, haƙora biyu na zubar da hannuna, kuma zan faɗa miki yadda aka yi tun daga farko, ko da kin san wani abu a ciki.

Ina da shekara goma sha huɗu aka kai ni koyon ɗinki. Matar da ta koya mana almakashi ɗaya gare ta, kullum yana ɗaure a bakin zaninta, ba mai taɓa shi. Mu 'yan koyo in mun kai ƙarshen ɗinki sai mu sunkuya mu gatse zaren da haƙori. Haka na tashi. Har na yi aure, Babanku ya saya min keke, na mallaki almakashi uku, ban daina ba. Almakashin yana gabana, hannuna bai san hanyarsa ba, bakina ya riga shi. Allura ma a haƙori nake riƙe ta in ina gwada riga, fil-fil kuwa sai in jera biyar a baki ina magana da mai kaya ta gefen leɓe. Shekara da shekaru ina yi, har zare ya yi wa haƙorin da ke kusa da fiƙata ta dama hanya, in na sa harshe ina jin tsagar. Ranar da na fara sanin na yi wa kaina ɓarna, alwalar asuba ce a watan sanyi. Na kurɓi ruwan randa, sai na ji kamar an soka min allura daga baki har tsakar ka. Na dafe bango na ce innalillahi, na gama alwala, na koma na ci gaba da gatsar zarena.

Ke ma na gan ki. Kina yage ledar ruwa da haƙori, kina cizon murfin biro in kina karatu, ranar sunan gidan maƙwabta har kwalbar lemo na ga kin kai baki don a ce ke jaruma ce. Ki daina. Ki sayi ɗan ƙaramin almakashi ki jefa a jaka. Rake kuma ki yanka shi ƙanana da wuƙa, ki tauna ta gefe, kada ki sake ki ɓare shi da gaba.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni. Lokacin ina goyon autanmu, matauni na ƙasa ta hagu ya yi kogo. Da farko in na ci abu mai zaƙi ne yake motsawa. Na cusa kanumfari, ya lafa kwana biyu. Na yi kurkurar gishiri da kanwa. Wata tsohuwa ta ba ni garin taba, na cusa, kaina ya yi ta juyawa, na amayar da abincin rana. Duk wanda ya shigo kawo ɗinki ya tarar da ni riƙe da kunci sai ya zama likita, ni kuma duk abin da aka faɗa sai in yi. Har wata mata, mijinta bakanike ne, ta ce ai maganinsa ruwan batir, ɗigo ɗaya a auduga, tsutsar da ke ciki ta mutu murus. Ummi, na yi. Ni da hankalina, da 'ya'ya huɗu, na sa ruwan batir a bakina. Dasashina ya ƙone ya yi fari fat, mako guda kunu ma da kuka nake shan sa, ciwon haƙorin kuwa ko gezau.

Da kumburi ya rufe min ido ɗaya, maimakon in nufi asibiti sai na nufi kasuwa, wajen wani mai shimfiɗa buhu da haƙoran mutane a kwalba. Ya zaunar da ni a benci, mutane sun kewaye mu kamar ana wasan biri. Ya shafa min wani abu mai yaji, ya ɗauko filaya. Ba zan ba ki labarin sauran ba, ke dai bari. Na dawo gida da tsumma a baki, jini ya ƙi tsayawa sai bayan la'asar. Babanku ya dawo daga Abatuwa, ya ce in buɗe ya gani. Ya duba ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Wallahi ko mu da muke fiɗar shanu mun fi mutumin nan tausayi. Me ya hana ki jira ni?" Na ce ciwo ne ya hana ni. Ƙarya nake yi, tsoron allurar asibiti ne, ni da allura ce sana'ata.

Don haka ki ji. A can ma za ki samu masu ba da shawara, kowane gari da nasa ruwan batir ɗin. Wata za ta ce ganye kaza, wani ya ce a cire kawai a huta. Ki yi musu godiya, ki wuce. Duk wanda bai ɗauki hoton haƙorinki ya gani ba, kada ya sa miki komai a baki.

Kuskurena na uku shi ne ya sa na zauna rubutun nan, don shi ne sak abin da kike shirin yi.

Shekara huɗu da suka wuce, kina jami'a ba kya gida, haƙorin nan da zare ya tsaga ya tashi da gaske. Ba na iya rufe baki, in na sama ya taɓa na ƙasa sai in ga taurari. Na fara laluben kanumfari ke nan sai ga Maman Gyang, maƙwabciyarmu mai wanke kayan aiki a asibitin haƙori, ta shigo karɓar rigar cocinta. Ta kalle ni ta riƙe ƙugu ta ce da irin Hausarta, "Maman Ummi, kana so ka mutu ne? Wancan bai ishe ka ba? Saka mayafi naka mu tafi yanzu." Ba ta saurari uzurina ba, da kanta ta tare mana tasi.

Likitar da ta gan ni ita ce dai wannan da ke yi miki aiki, 'yar siririya mai tabarau. Ta ɗauki hoto, ta ɗaga shi a fitila ta nuna min wani ɗan baƙi a ƙarshen saiwa. Ni na riga na shirya zuciyata, na ce, "Likita, a cire kawai." Ta ce, "A'a, Mama. Wannan ba sai an cire ba, za mu iya cetonsa. Jijiyar ciki ce ta lalace, amma jikin haƙorin da saura. Za mu fitar da jijiyar, mu wanke ramin, mu cike shi, ya ci gaba da yi miki aiki." Su rut kanal suke ce masa, ni dai wankin saiwa nake cewa. Ta ce zama uku za mu yi, ta ɗaga yatsu uku a gaban idona kamar tana magana da 'yar firamare.

Allurar da na gudar wa har na kai kaina ga mai filaya, ashe ba ta kai cizon cinnaka ba. Leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Ta huda haƙorin ta baya, ta shiga aiki da wasu 'yan ƙananan allurai masu kai ja da shuɗi da rawaya, tana sa wannan ta murza ta fitar, ta wanke, ta sa na gaba da shi. Ina kwance ina kallon hannunta, a raina na ce matar nan da tela ce da ta kashe mana kasuwa. Ba ta gaggawa. Da ta gama ta sa magani a ciki, ta toshe bakin da wani farin abu. Zama na biyu ma haka, ta sake buɗewa, ta auna zurfin saiwar, ta ƙara wankewa, ta mayar da toshiya. Ina ɗaura ɗankwali ta ce, "Mama, ki saurare ni da kyau. Yanzu ba za ki ƙara jin ciwo ba, don babu jijiyar da za ta gaya miki. Wannan ba warkewa ba ce. Abin da na toshe da shi na 'yan makonni ne, yana zaizayewa, datti ya koma ciki. Kuma haƙorin yanzu fanko ne, sai mun cike shi mun sa masa hula zai yi ƙarfi." Na ce mata ai na gane, irin ɗinkin riƙo ne da muke yi da dogon zare kafin a hau keke, ba a fita unguwa da shi. Ta yi dariya ta ce ashe na fi ta iya bayani. Ta rubuta min ranar Talata a kati.

Talatar nan ta faɗo saura kwana goma Babbar Sallah. Kin san yadda ɗakin nan yake zama a lokacin, atamfa da leshi da shadda har kan gado, kowace mata tana rantsuwa tata ce ta fara kawowa. Haƙori kuwa shiru, kamar bai taɓa ciwo ba. Na ce bari in fitar da kayan mutane, bayan Sallah na je. Maman Gyang ta leƙo ta katanga ta ce likita tana tambayata, na ce gobe. Ta sake zuwa, ina jin muryarta a zaure na shige banɗaki na ce wa ƙanwarki ta ce ba na nan. Dubi wannan hali don Allah, mace da girmanta tana ɓuya don kada a yi mata gata. Sallah ta wuce, sai bukukuwan bayan Sallah suka taso, anko a kan anko. Farar toshiyar ta fara lotsawa, in na sa harshe ina jin rami, sai in cusa auduga in ci gaba da taka keke. Wata uku na yi a haka.

Ranar da abin ya faru ba wani abu mai tauri na ci ba, wannan ne yake ƙona min rai. Babanku ne ya kawo ɗan soyayyen nama a takarda, na ɗauki tsoka guda ina tauna ina auna wa wata yarinya siket. Sai na ji ƙas. Ba zafi, ba jini. Na tofa a tafin hannu, ga rabin haƙorina. Tef ɗin awo ya faɗi ƙasa ban sani ba.

Washegari da sassafe ba wanda ya tare min tasi, da ƙafata na je. Likita ta sa ɗan madubinta, ta ɗauki hoto, ta daɗe tana kallonsa. Na so ta yi min faɗa, ta wanke ni tas, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta cire tabarau ta ce, "Mama, ya tsage har saiwa. Aikin da bai kai awa guda ba ya rage mana." Ita da ta ce za mu cece shi, ita ta cire shi da hannunta. Ta yi a hankali, ban ji komai ba, amma hawaye na ta gangarowa cikin kunnena. Ta zaci zafi ne, ta tambaya ko ta ƙara allura. Na girgiza kai. Takaicin kaina ne kawai ya ishe ni.

Giɓin kin san shi. Babanku yana zolayata wai in kwantar da hankalina, in Allah ya kai ni Makka wurin haƙorin zinare ya riga ya samu. Ina taya shi dariya, amma da bakin mayafi a baki. Da can ni ce ake jin dariyata daga bakin gada, yanzu sai na tuna kafin in yi. Kin tuna ranar bikin gama karatunku? Mai hoto yana ta cewa, "Mama, yi murmushi mana," na ƙi. Da hoton ya fito kika kalle shi kika ce, "Yaya, kamar an yi miki dole. Ba ki yi farin ciki ba ne?" Na ce rana ce ta dame ni. Ummi, a duk filin nan babu wadda ta kai ni farin ciki. Leɓena na datse don kada giɓi ya ɓata miki hoto.

To ke naki a gaba yake, tsakiyar fuska, kuma shekararki ashirin da huɗu. Rashin ciwon nan da kike murna da shi, ni ma na yi murna da shi. Kada ki jira ya gaya miki komai, ba shi da sauran bakin magana. Kafin a ƙarasa, kada ki gatsa komai da shi, ko burodi ne ki gutsura da hannu. In kika ji toshiyar ta lotsa, ko kika ga ɗan ƙurji a dasashi, ko leɓe ya ɗaga, a ranar za ki nemi likita, ba washegari ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa miki ba, game da yadda haƙorin naki ya kai ga haka. Ke ce 'yar fari. An raine ni a kan cewa uwa ba ta kula ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu. Na riƙe wannan da ƙarfi har ana yabona. Da aka yaye ki Hajiya, kakarki ta wajen uba, ta ɗauke ki zuwa ɗakinta, kika tashi kina jin ƙannena suna ce min Yaya, ke ma kika bi. Ban gyara miki ba, har daɗi na ji wai an ga kunyata.

Kina da shekara goma sha ɗaya kika faɗi a kan dutsen bayan gida, an yi ruwa, kin ɗauko bokiti. Kika shigo da gudu, hannu a baki, jini yana bin yatsunki har gwiwar hannu. Ba ɗakin Hajiya kika nufa ba, wurina kika zo. Kika tsaya a gefen keke kina cewa, "Yaya, Yaya, haƙorina." Mata uku ne zaune suna jiran kaya, dukkansu suka zuba min ido su ga yadda zan yi. Na ci gaba da taka feda. Ban ɗago ba. Na ce, "Je ki wurin Hajiya, kada ki ɗiga wa mutane jini a kaya." Kika tsaya kaɗan, sannan kika juya. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Kai, Maman Ummi akwai kara." Na yi murmushi, Allah ya yafe min.

Hajiya ta wanke miki baki da ruwan ɗumi da gishiri, ta ce ai bai fita ba, gefe ne ya ɗan ɓalle, zai zauna. Ya zauna ɗin. Amma shekara na tafiya yana canza launi, daga fari ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya fara duhu. Kullum ina ganinsa ta wutsiyar ido in kina ba ƙannenki labari. Ban taɓa cewa zo nan in gani ba. Da muka je wurin likita kwanan baya ta tambaya ko kin taɓa buguwa a wurin, kika ce tun kina ƙarama. Ta ce da an kawo ki a lokacin ana dubawa, da wuya ya kai ga ƙurji. Ba da ni take ba, rubutu ma take yi. Ni kuwa ina zaune a kujerar gefe kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba na zagin abin da iyayenmu suka koya mana, sun yi ne don kada yaro ya sangarce. Amma ni na wuce da shi inda ba a aike ni ba. Idan Allah ya ba ki haihuwa, ɗan fari ya zo miki da jini a baki, ki ture keken, ki ture ko wace ce a zaune, ki durƙusa ki buɗe bakin ki duba. Masu magana su yi ta yi. Kuma ke kanki, na lura kin koyi shiru a wurina. Wata biyu kika yi da ƙurjin nan kina shan ƙwaya a ɓoye, sai da ƙanwarki ta tona. Na san inda kika koyi cewa ba a kawo min ciwo. Ki sauke wannan darasin, ba shi da amfani. A can in wani abu ya dame ki, ki faɗa wa abokiyar ɗakinki, ki faɗa wa shugabar makarantar, ki kira gida.

Gidan nan ya yi min faɗi tun da kika tafi. Har yanzu in zan dafa gwate sai na auna da ke, sai na zo rabawa in ga kwano ɗaya ya yi saura. Idona ya fara gajiya, ke ce mai zura min zare in la'asar ta yi. Jiya na ɗaga allura sama na ce "ungo" ban waiwaya ba, na daɗe hannuna a miƙe kafin na tuna. Ƙannenki suka yi ta dariya, ni ma na yi, sannan na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba. Shekara ashirin da huɗu ina yi kamar ban damu da ke ba, yanzu da ba mai kallo abin ya taru ya danne ni. Ina kewarki, Ummi. Ga shi na rubuta, tun da baki ya kasa.

Saura kuskure na ƙarshe, kuma wannan ba tsoho ba ne, ɗanye ne shakaf.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga wata ƙaramar ambulan mai ruwan ƙasa. Takardar likita ce, da hotunan haƙorinki guda biyu. Kwana biyu da tafiyarki na je na gaya mata an kira ki bautar ƙasa, ba za ki samu zuwa ranar da ta sa miki ba. Ta tambayi garin, na faɗa. Nan take ta zauna ta rubuta duk abin da ta yi da abin da ya rage, da zurfin saiwar, ta haɗa da hotunan. Ta ce a babban asibitin can akwai sashen haƙori, duk likitan da ya karanta zai ƙarasa miki a zama ɗaya, hular kuma su auna su sa. Ta ce, "Ba sai ta sha wannan doguwar hanyar ba. Ki aika mata a makon nan, Mama. Ke kin san abin da jinkiri yake yi." Na ce na sani.

Na dawo gida na sa ta a aljihun keke, ƙarƙashin zaruruwa. Na ce gobe zan kai tasha. Goben ta zo, na ce ai kina sansanin horo, ba za ta same ki ba. Gaskiyar ita ce, na lissafa cewa muddin takardar nan tana wurina, dole ki dawo Jos da an sallame ku daga sansani. Ko kwana uku ne zan gan ki, in raka ki asibiti, in zauna a kujerar gefe. Kullum in na ja aljihun zan ɗauki zare sai na gan ta, sai in mayar in rufe. Mako huɗu ke nan. Ranar Juma'a da kika ce sai ƙarshen shekara, maganar tana kan harshena, na haɗiye ta. Ina dawowa gida a hanya har ina ce wa kaina wata huɗu ai kamar gobe ne. Ni, da giɓi biyu a bakina! Na so in sa haƙorinki a caca don in ga fuskarki. Na shiga gida na kalli madubi, na buɗe baki, kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ko Babanku bai san da takardar likitar nan ba, sai in ya ji a bakinki.

Ki yafe min. Gobe da safe zan ba direban da ke kai dankali can, ya ce zai kawo miki har ƙofar makaranta. Ranar da ta shiga hannunki ki nemi izini, washegari ki tafi asibitin, ki tafi da wata ta riƙe miki jaka. Kada ki ce sai Yaya tana kusa. Kada ki zo Jos saboda haƙorin nan, na cire shi daga cikin dalilai. In hutun ƙarshen shekara ya yi kika ga za ki iya hanyar, ki zo haka kawai, ba likita ba kati. Ina so in san wurina kika zo.

Allah ya sa hannun da zai taɓa ki ya zama mai sauƙi, ya sa a gama lafiya, haƙorin ya zauna miki har tsufa. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya raba ki da sharrin hanya da na ruwa da na mutum, ya yi miki albarka duniya da lahira. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. In an gama ki kira lambar mai lemar nan, ki ce a kira miki Maman Ummi mai ɗinki. Ba nisa, da gudu zan zo.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarki